Sabis Ya Cika Amma Intanet Na Jan Ƙafa: Yadda Ake Raba Jama'a Tsakanin Turakun Sadarwa

Masu wayar salula sun saba da wannan: sandunan sabis sun cika taf, alamar 4G tana nan, data ba ta ƙare ba, amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya a WhatsApp. An fi ganin haka a wurin cunkoso, kamar filin idi ranar sallah, filin ƙwallo, ko Kantin Kwari da rana tsaka. Wasu kan ɗora wa wayar laifi har su fara tunanin sayen sabuwa. Alhali sandunan nan ƙarfin siginar turke kaɗai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke kan turken a lokacin.

Turke kamar famfon unguwa ne

Kowane turken sadarwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. A tsarin 4G, tashar da ke da faɗin megahaz 20 an yanka ta gurabe 100, kuma turke yana sake rabon guraben ga wayoyi sau 1,000 a kowace daƙiƙa. A ce tashar tana iya fitar da megabit 100 a daƙiƙa. In mutum 10 ne a kai, kowa zai samu kusan 10. In suka kai 200, rabin megabit kowa zai tashi da shi. Ruwan famfon bai ragu ba, masu jarka ne suka yi yawa.

Manya da ƙanana a wuri guda

Don rage layi, kamfanonin waya kan cakuɗa turaku iri-iri a yanki ɗaya. Akwai babban turke mai tsawo da ake hangowa daga nesa, wanda ƙarfinsa kan kai wat 40. Akwai ƙananan tashoshi da ake maƙalawa a jikin gini ko sandar fitilar titi, masu ƙarfin kamar wat 1. Akwai kuma na cikin ɗaki da ba su kai haka ba. Manufar ita ce babba ya lulluɓe gari, ƙananan su kwashe jama'a a inda aka taru.

Sai dai a al'adance waya tana bin tashar da ta fi jin muryarta ne. Wat 40 ya ninka wat 1 sau 40, saboda haka mutum zai iya tsayawa kusa da ƙaramar tasha amma wayarsa ta manne wa babban turken da ke can nesa. Sakamakon shi ne babba ya cika ya batse, ƙarama kuma tana zaune ba ciniki, ga kuɗin da aka kashe wajen kafa ta.

Dabarar ƙarin maki

Maganin farko shi ne a yi wa ƙaramar tasha ƙarin maki. Ana umartar waya ta ƙara wani adadi a kan siginar ƙaramar kafin ta gwada ta da ta babba. Ma'aunin shi ne dB, kuma kowane 3 dB kusan ninki biyu ne. In aka ƙara 6 dB, waya za ta zaɓi ƙaramar tasha ko da siginarta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na na babban turke ba. Da haka da'irar ƙaramar ke faɗaɗa ba tare da an ƙara mata wuta ba.

Wannan ke nufin sanda uku a tashar da ba kowa za su iya fin sanda biyar a tashar da ta cunkushe sauri.

Babba ya yi shiru, ƙarami ya yi magana

Dabarar tana da tata matsalar. Wayar da aka tura bakin iyakar ƙaramar tasha har yanzu tana jin babban turke da ƙarfi, kuma in mitarsu ɗaya ce, muryarsa za ta danne ta ƙaramar. Kamar mutum ne yana sauraron abokinsa a gefen lasifikar biki.

Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin sadarwar salula a duniya, ta kawo mafita a kundinta na 10 da aka kammala a 2011, mai suna eICIC. A 4G lokaci a yanke yake gutsure-gutsure, kowane gutsure kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Sai a sa babban turke ya kusan yin shiru a wasu gutsuren, ƙaramar tasha kuma ta yi amfani da su ta biya wa wayoyin da ke bakin iyakarta buƙata.

A nan ciniki yake. In babba ya yi shiru a gutsure 2 cikin 10, ya sarayar da kusan kashi 20 cikin 100 na lokacinsa, kuma masu zama a kansa ne za su ji a jikinsu. In ƙarin makin ya yi yawa, ƙaramar ce za ta cika. Aikin injiniyoyi shi ne neman daidaiton da zai sa na ƙarshen layi ma ya samu rabonsa.

Turaku na magana da juna

Cunkoso ba ya zama wuri ɗaya: da safe yana kasuwa da ofisoshi, da dare ya koma unguwanni. Shi ya sa turakun 4G da ke maƙwabtaka suke musayar bayanin nauyin da ke kansu ta wata hanya da ake kira X2. Wanda ya cika sai ya sassauta sharaɗi, ya miƙa wayoyin da ke gefensa ga maƙwabci mai sarari. Ana sa ɗan jinkiri kafin miƙawar, don kada waya ta yi ta kai da kawo tsakanin turaku biyu, abin da ke cin batir yana kuma yanke kira.

Ana yin irin wannan rabo tsakanin mitoci ma. Mitar ƙasa, kamar megahaz 800, tana zuwa nesa tana kuma ratsa bango, don haka ake barinta ga na nesa da na cikin ɗaki. Na kusa sai a tura su mitar sama kamar 2600, ko 5G da MTN ta fara a Najeriya a 2022 a kan gigahaz 3.5.

Abin da mai waya zai iya yi

Mai karatu zai iya gano ko cunkoso ne ko raunin sigina. A yawancin wayoyin Android, buga *#*#4636#*#* yana buɗe shafin bayanai. A iPhone kuma *3001#12345#* ne sannan a danna kira. A duba RSRP, wato ƙarfin sigina: kusan -80 mai kyau ne, -110 kuwa ya yi rauni. Sai RSRQ, wato tsabtarsa: kusan -10 ba laifi, amma in ya gangara -15 zuwa ƙasa alhali RSRP yana da kyau, alama ce ta cunkoso ko hayaniyar wasu turaku.

In haka ne, ga matakai huɗu. A bar zaɓin sabis a kan na kai tsaye, domin kulle waya a 4G kaɗai yana hana kamfani mayar da ita inda ke da sarari. A kunna yanayin jirgin sama a kashe, don waya ta sake neman tasha. In akwai Wi-Fi amintacce a hau shi. Manyan abubuwa kuma, kamar fim ko sabunta manhaja, a bari sai dare ya yi nisa ko da asuba, lokacin da masu jarka suka watse.