Kalmomin Kasuwanci: Abin Da "Litigation" Ke Nufi A Takardun Ciniki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman fili ko gidan ajiye kaya a Legas, Ibadan ko Fatakwal, da wuya a ce bai ci karo da katangar da aka rubuta wa gargaɗi da jan fenti ba, cewa wurin yana "under litigation". Wannan kalma dai ita ce ke fitowa a rahoton shekara-shekara na bankuna da kamfanoni, da kuma can ƙarshen takardun kwangila inda akasari ba a tsayawa a karanta. Ana furta ta kamar "litigeshin", masu fassara kuma kan ce "shari'a" su wuce. Fassarar ta yi faɗi da yawa, domin a Hausa kalmar shari'a ta ɗauki dokar Musulunci, ta ɗauki zaman kotu, ta ɗauki tuhumar ɓarawo, har da hukuncin da alƙali ya yanke. Ita kuwa ta Turancin abu guda take nufi, kuma abin yana taɓa aljihu.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda "lis" ke nufin jayayya ko ƙara, aka haɗa ta da wata kalmar mai ma'anar gudanarwa. Watau dai gudanar da jayayya a gaban kotu, tun daga ranar da lauya ya shigar da takardun ƙara aka kai sammaci, zuwa musayar takardun kariya, jin shaidu, yanke hukunci, har zuwa ɗaukaka ƙara ta ƙarshe. Saboda haka kalmar sunan tafiyar ce baki ɗaya, shi ya sa Turawa ba su cika yi mata jam'i ba. Ƙara guda ɗaya "suit" ko "case" ake ce mata. Wanda ke cikin ƙarar, ko shi ya kai ko shi aka kai, sunansa "litigant". Idan kuwa aka kira mutum "litigious", to ba yabo ba ne, ana nufin mai son kai ƙara ne a kan kowane ƙaramin abu, irin wanda ake gudun yin ciniki da shi.

Ya kamata a bambanta ta da "prosecution", wato gurfanar da mutum da hukuma ke yi bisa zargin aikata laifi. Gaskiya ne a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya ana amfani da "litigation" ga darasin ƙararrakin laifi da na jayayya tsakanin jama'a duka biyu, amma a takardun kasuwanci idan ta zo ita kaɗai, kusan kullum jayayya ce a kan bashi, kwangila, fili ko diyya. A nan babu maganar kurkuku, kuɗi ko dukiya ake nema. Rashin fahimtar wannan ne ke sa wasu 'yan kasuwa su kai wanda suke bi bashi ofishin 'yan sanda. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum don kawai ya saɓa alkawarin kwangila, kuma kotuna sun sha ɗora wa mai bin bashi diyya saboda ya sa an tsare abokin cinikinsa. Abin ya bambanta idan akwai zamba, ko an ba da cekin da babu kuɗi a asusunsa, domin wannan laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977.

Tambaya ta farko a kowace ƙara ita ce wace kotu ce ke da hurumi. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya, wadda aka kafa a 1973 da sunan kotun haraji, al'amuran kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kwastan, tafiyar da kamfanoni, sufurin jiragen ruwa da tambarin kasuwanci. Bashin ciniki na yau da kullum da rigimar fili kuwa na kotunan jihohi ne. Wanda ya kai ƙara inda ba hurumi yana iya yin nasara a kotun farko, a je Kotun Ɗaukaka Ƙara, a kai Kotun Ƙoli, sannan a can a rushe komai a ce a koma a fara daga tushe, domin maganar hurumi ana iya tayar da ita a kowane mataki.

A nan ne lissafin tattalin arziki ke shigowa, kuma shi ne abin da lauya ba ya cika gaya wa mai ƙara. Alal misali, a ɗauka wani mai shigo da kaya ya shigar da ƙarar bashin Naira miliyan 10 a 2015, lokacin da farashin gwamnati na Dala ɗaya yake wajen Naira 197. Kuɗin nasa a ranar sun haura Dala 50,000. Idan aka yi ta ɗage zama da ɗaukaka ƙara bai karɓi kuɗin ba sai a 2024, shekarar da Dala ta haura Naira 1,500, to abin da ya shiga hannunsa bai kai Dala 7,000 ba, ban da kuɗin lauya da na zirga-zirga. Ruwan da kotu kan ɗora a kan kuɗi bayan hukunci ba ya cike wannan giɓi, musamman a shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Wanda ake bi bashi ya san wannan lissafi sarai, shi ya sa jinkiri ya zama makaminsa.

Don haka ne masu binciken asusun kamfanoni ke tilasta a bayyana ƙararrakin da ba a gama ba a cikin rahoton shekara. Mai hannun jari zai tarar da su a bayanan da ke biye da lissafi, ƙarƙashin "pending litigation", tare da jimlar kuɗin da ake nema daga kamfanin da kuma ra'ayin lauyoyinsa. Kusan kullum lauyoyin kan ce ba su tsammanin asara mai yawa, kuma ba a sa ran su ce wani abu dabam. Aikin mai karatu shi ne ya gwada jimlar da ribar shekara, ya kuma duba ko kamfanin ya ware wani kuɗi domin biya.

Gargaɗin nan na jikin katanga shi ma yana da tushe a doka. Ƙa'idar ita ce wanda ya sayi fili alhali ana shari'a a kan mallakarsa, ya saya ne tare da duk hukuncin da zai fito. Idan wanda ya sayar masa ya faɗi a kotu, filin ya tafi, ko da an gina bene a kai.

Kalmar da ake yawan haɗa ta da "litigation" a kwangila ita ce "arbitration", watau ɓangarorin biyu su amince tun farko cewa idan rigima ta taso, wani mutum ko kwamitin da suka zaɓa ne zai yanke hukunci, hukuncin kuma ya hau kansu. Tsarin ba baƙo ba ne ga fataken goro da shanu na Sabo a Ibadan, waɗanda suka daɗe suna kai rigimar bashi gaban maigidan masauki ko Sarkin Hausawa. Bambancin shi ne wannan doka ce ta tsaya masa: dokar 1988 wadda sabuwar dokar sasantawa ta 2023 ta maye gurbinta. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan sharaɗi sannan ya garzaya kotu, abokin jayayyarsa na iya neman a dakatar da ƙarar a mayar da su inda suka yi alkawari. Kuma tun da Nijeriya ta shiga yarjejeniyar New York ta 1958, hukuncin da aka yanke a waje ana iya zartar da shi a nan, na nan ma ana iya zartar da shi a waje.

Rigimar Nijeriya da kamfanin P&ID ta nuna nauyin wannan layi ɗaya. An ƙulla kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba a 2010, ba a gina komai ba, amma a 2017 kwamitin sasantawa a Landan ya ce Nijeriya ta biya Dala biliyan 6.6, wadda da ruwa ta kai wajen biliyan 11. Sai da aka koma hanyar kotu, har a watan Oktoba na 2023 wata babbar kotu a Landan ta gano cewa da zamba aka samu hukuncin.

Ga ƙananan basussuka akwai hanyoyi masu sauƙi. Legas ta buɗe zauren sulhu a harabar kotu a 2002, Abuja da Kano suka biyo baya, sannan a 2018 ta kafa kotun ƙananan ƙararraki inda ba dole ne a ɗauki lauya ba. Sai dai mai bin bashi kada ya sake da lokaci, domin doka ta yanke wa'adin shigar da ƙarar kwangila: shekara 6 a Legas, a wasu jihohi shekara 5. Idan wa'adin ya cika kotu ba za ta saurare shi ba, sai in wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani ɓangare, wanda hakan ke sa a fara ƙirga daga ranar.