Yadda Baƙo Zai Gane Mai Shagon Kwamfutar Da Ya San Aikinsa A Kasuwar Nehru Place

Ɗalibin da ya sauka Indiya karatu ba ya daɗewa sai wani ya ce masa, in kwamfuta ake nema a nufi Nehru Place. Kasuwa ce a kudancin birnin Delhi, jirgin Metro na tsayawa a bakinta, benaye ne jere cike da shagunan kwamfuta, kayan gyara da wayoyi. Wanda ya san Farm Centre ta Kano zai gane yanayin, sai dai a can ba a jin Hausa, babu kuma ɗan unguwa da zai tsaya masa. Shaguna ba su yi kaɗan ba. Wahalar ita ce bambance wanda ya san na'ura da wanda ya haddace sunayenta kawai.

Da fitowarsa daga tasha samari za su tare shi suna tallar gyara da manhajoji masu araha. Galibinsu 'yan kamasho ne, ladansu kuma a cikin farashin da za a yanka masa yake. Ya gaishe su ya wuce.

Hanya mafi sauƙi ta auna mai shago ita ce a yi masa tambayar da aka riga aka san amsarta. Misali, mai saye ya nuna MacBook Air mai M1, wadda ta fito a 2020, ya ce zai iya ƙara mata RAM nan gaba? Ba a iyawa, domin a haɗe yake da masarrafar. Wanda ya ce "ba matsala, ka kawo mana" ko dai bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye. Duka biyun ba na mu'amala ba ne.

Tambaya ta biyu a kan zubin masarrafa take, kuma nan ne aka fi cin kuɗin baƙi. Za a ɗauko kwamfuta mai sheƙi a ce "Core i7 ce", a yi shiru. Sunan i7 shi kaɗai bai faɗi komai ba. Lambar da ke biye da shi ce ke nuna shekarunta. A i7-6600U, lamba 6 na nufin zubi na shida. A i5-1235U kuwa, 12 ne, zubi na goma sha biyu, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin bai tsaya a sauri ba. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, in ban da 'yan ƙalilan. Ita kuwa Windows 10, Microsoft ya rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai shagon da ya san aikinsa zai faɗi haka tun kafin a tambaye shi.

Shi ma masanin tambaya yake yi. Zai so ya ji me za a yi da na'urar: rubutun makaranta ne, zanen injiniya, ko tace bidiyo? Wanda ya fara da "nawa ka zo da shi?" aljihu yake aunawa.

In tsohuwa ce, a nemi a kunna ta a gaban mai saye. A buɗe Task Manager a ga ainihin masarrafa da RAM. A rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, rahoton zai nuna ƙarfin da batir ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa. Sannan a shigar da lambar siriyal a shafin Dell, HP ko Lenovo a ga ko garanti na nan. Minti goma ya isa. Mai gaskiya kujera zai miƙo. Ɗaya kuwa zai fara cewa caja ba ta kusa. In waya ce, a latsa *#06# a gwada lambar IMEI da ta jikin kwali, a kuma bincika ta a Sanchar Saathi, shafin gwamnatin Indiya.

Dokar ƙasar na taimaka wa baƙo in ya san ta. Sabon kaya na ɗauke da farashin MRP a kwali, wato iyakar abin da za a sayar da shi, har da haraji. Ciniki ƙasa da shi ake yi. Rasit kuma ya zama mai lambar GSTIN ta shagon da lambar siriyal ɗin na'urar. Wasu za su ce in an bar rasit za su rage kuɗi. Ragin ba ya kai asarar, domin ranar da allo ya mutu babu takardar da za a kai wa kamfani, ko a yi ƙorafi da ita a layin masu saye na ƙasa, 1915.

Akwai tambayar da baƙo kaɗai ke buƙata: garantin zai yi aiki in an koma gida? Wayoyi da yawa garantinsu a ƙasar da aka saye su ya tsaya, kwamfutoci kuma ya danganta da kamfani da samfuri. Kada a karɓi "eh" da baki, a duba sharuɗɗan a shafin kamfanin ana tsaye a shagon.

Batun harshe kuwa, a rubuta cikakkiyar lambar samfurin a takarda a nuna wa shaguna uku ko huɗu, ya fi dogon Turanci. In da hali a tafi da ɗalibin da ya shekara biyu a garin, a kuma guji Lahadi, don galibin shagunan a rufe suke.