DARASIN ADABI: WACE BAKANDAMIYAR SHATA CE TA ASALI?

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata 'yar gardama da ta faru a gidanmu lokacin hutu. Na kunna wa kakana Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata daga cikin waya, ina zaton zan faranta masa rai. Ya saurara na ɗan lokaci, sai ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, wannan ba ita ce wadda na sani ba." Na ce, "Kaka, ai ga sunanta nan a rubuce." Ya ce, "Sunan ne ɗaya, amma tawa ta fi wannan tsawo, kuma kalangunta ya fi zafi." Daga baya na gane duk mu biyun muna da gaskiya. To, ta yaya waƙa ɗaya za ta zama da yawa?

WANE NE SHATA?

An haifi Mamman Shata a Musawa ta Jihar Katsina a shekarar 1923. Ya yi sana'ar sayar da goro tun yana saurayi, kafin waƙa ta rinjaye shi. Ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, wato maƙwabcinmu ne mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dokta. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura. Allah Ya jiƙansa, amin.

Bakandamiya kuwa ita ce waƙar da mawaƙi yake yi wa kansa kirari a cikinta, ya nuna gwanintarsa da fifikonsa a kan abokan sana'a. Ba Shata kaɗai yake da ita ba. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ma yana da tasa.

ME YA SA TAKE CANZAWA?

Dalili na farko shi ne waƙar baka ba a takarda take zaune ba, a kan mawaƙi take. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun koya mana cewa waƙar baka tana da gindi, wato abin da 'yan amshi suke maimaitawa, sannan tana da ɗiya, wato baitocin da jagora yake kawowa. Gindi yakan tsaya yadda yake, amma ɗiya suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take. Idan ya ga wani babban mutum a wurin taro, ko ya dawo daga wata tafiya, sai abin ya shiga cikin waƙar ranar. Saboda haka duk lokacin da aka ɗauki muryarsa, an ɗauki waƙar ranar ce kawai.

Dalili na biyu shi ne na'urar ɗauka. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti ɗaya, fuska ɗaya tana ɗaukar kamar minti uku ne, don haka dole mawaƙi ya taƙaita. Da babban faifai mai juyi 33 ya zo, sai fuska ɗaya ta kai kusan minti ashirin. Sannan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ba da damar ɗaukar minti 60 ko 90. Ka ga ke nan tsawon waƙa wani lokaci ba daga mawaƙi ba ne, daga faifai ne.

Dalili na uku shi ne shekaru. Shata ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa. Muryar saurayi da ta dattijo ba ɗaya ba ce, kuma makaɗa da 'yan amshi suna sauyawa.

IRE-IREN ƊAUKA GUDA UKU

1. Ɗaukar kamfanin faifai. A ɗaki ake yin ta, babu hayaniya. Kowace kalma tana fita tas. Ita ta fi dacewa da ɗalibin da yake son rubuta baitoci don nazari. Rauninta shi ne babu jama'ar da za su zuga mawaƙi.

2. Ɗaukar gidan rediyo ko talabijin. Ta wannan hanya, musamman Rediyon Kaduna, yawancin iyayenmu na ƙauye suka san muryar Shata. Wadda aka ɗauka da hoto tana da ƙarin amfani, domin za ka ga yadda makaɗi yake matse tsarkiyar kalangu a hammatarsa, sautin ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum.

3. Ɗaukar wurin wasa. Nan za ka ji guɗa da shewa, da muryar sanƙira yana shelar kyauta. Sautin ba ya da tsabta sosai, amma waƙar tana da rai. Irin wannan kakana yake so, kuma ni ma yanzu ita na fi so, domin a nan ne kake jin mawaƙi yana tunani a gaban mutane, ba tare da damar ya tsaya ya gyara ba.

BA MU KAƊAI BA NE

Turawa ma suna irin wannan gardama. Wani makaɗin ƙasar Rasha mai suna Sergei Rachmaninoff ya tsara wani kiɗa na fiyano tare da babbar ƙungiyar makaɗa, shi ne na biyu a jerin irinsa da ya tsara, aka gabatar da shi cikakke a birnin Mosko a 1901. Shi da kansa ya kaɗa shi aka ɗauka a Amurka a 1929, sannan wani gwani, Sviatoslav Richter, ya kaɗa shi aka ɗauka a 1959. Har yau masoya suna muhawara kan wanda ya fi daɗi. Bambancin shi ne nasu a rubuce yake, sauri da taushin hannu ne suke bambanta. Namu kuwa har kalmomin suna canzawa. Idan faifansu ɗaya ya ɓace, takarda tana nan. Idan kaset ɗinmu ɗaya ya ɓace, baitocin da ke cikinsa suna iya tafiya ke nan har abada.

YADDA ZA KA KWATANTA ƊAUKA BIYU

Ka samo guda biyu, ka ɗauki biro da takarda, ka bi waɗannan matakai:

a) Ka duba tsawon kowace a agogo.
b) Ka ƙirga ɗiyan kowace, ka sa alama a kan waɗanda suka zo a duka biyun.
c) Ka rubuta sunayen garuruwa da mutanen da aka ambata. Su ne za su taimaka maka ka kintaci lokacin ɗauka.
d) Ka saurari 'yan amshi. Suna shigowa da wuri ne, ko suna jira jagora ya dire?
e) Ka lura da saurin kiɗa. Amma ka yi hattara, rediyon da batirinsa ya yi sanyi yana jan kaset a hankali, murya ta yi kauri. Idan an kwafa daga irinsa, laifin batir ne, ba na Shata ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Amsar tambayarmu ita ce duk ta asali ce, muddin daga bakinsa ta fito. Wadda ba ta asali ba ita ce wadda aka yanke mata kai da ƙafa don ta shiga waya, ko aka liƙa mata wani kiɗa daban.

'Yan uwa, mun san halin da yankinmu ya shiga a 'yan shekarun nan. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kaset. Waɗanda suka rage ma zafi da damshi da gara suna cin su. In muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji ɗauka ɗaya tak, su ɗauka iyakarta ke nan.

Don haka ga aikin wannan mako. Ka tambayi wani dattijo a gidanku wace ɗauka ya fi so, a ina ya fara jin ta, kuma me ya sa. Ka rubuta amsarsa a shafi ɗaya. Idan akwai tsohon kaset a gida, ka nemi izini kafin ka taɓa, ka ajiye shi nesa da rana da ruwa, ka sanar da malamin Hausa. Za mu liƙa amsoshi uku mafi kyau a wannan allo. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Daga Sashen Adabi, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta