Amsoshin Tambayoyinku: Zauren Gilashi na Landan

Wani mai sauraronmu daga Yasore, yankin Batsari da Safana a jihar Katsina, ya ce: wai da gaske an taɓa gina katafaren zauren baje koli da gilashi? Yaya aka yi bai rufta ba?

To Malam, gaskiya ne. Sunansa Crystal Palace, an gina shi a Landan domin babban baje kolin 1851. Mai zanen, Joseph Paxton, masanin lambu ne. Tsawon ginin ya haura mita 560, gilasansa sun fi 290,000.

Ginshiƙan ƙarfe ne ke ɗauke da nauyin ginin. An ƙera sassan bisa awo ɗaya, aka kawo su aka harhaɗa cikin 'yan watanni. Rufin tamkar kunyoyin gona yake: ruwan sama ya gangara cikin kwari, ya sauka ta cikin ginshiƙan, don suna da rami a ciki. Saboda zafi, aka lulluɓe rufin da yadi, aka bar kafofin iska.

Daga baya aka kwance ginin aka kai shi unguwar Sydenham ta Landan, inda gobara ta cinye shi a 1936. Da fatan Malam ya gamsu.