KWAƊO DA ALƘALAMI: YADDA MAI SANA'A ZAI TSARE MOTARSA DA KAYAN AIKINSA

Garin Ɗan Isa yana cikin gundumar Madarunfa, jahar Maraɗi. Yana bisa hanyar ƙasa mai lamba 9, wajen kilomita 40 kudu da birnin Maraɗi. In an wuce shi kaɗan sai iyaka, sai Magama, sai Jibiya ta jahar Katsina. Wannan hanya arziki ce ga mutanen ƙasar. Ta nan wake da aya da dabbobi ke fita, ta nan kayan Najeriya ke shigowa.

Amma hanyar da ɗan kasuwa ke bi, ita ɓarawo ke bi. Motar da anka sace da tsakar dare tana iya ƙetare iyaka tun ba a kira assalatu ba.

Manomi yana da gona. Gonar mai sana'a kuwa motarsa ce da kayan aikinsa. Bakanike, mai walda, mai ginar rijiya, mai ɗaukar kaya zuwa kasuwa, duk da su suke ciyar da iyali. Wanda anka sace ma kayan aiki ya yi hasara biyu: ya rasa kayan, ya rasa aikin gobe. In da bashi ya saye su, bashin yana nan bisa wuyansa.

ABIN DA ƁARAWO KE NEMA

Ba kullum ɓarawo ke ɗaukar mota ɗungurungum ba. Ya fi son abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, ya saida nan da nan: batir, tayar ajiya, jak, akwatin sifana, injin ban-ruwa, janareta, allon hasken rana, wayar wuta, salula.

Abu uku ke taimakonsa: duhu, sakacin mai kaya, da kayan da ba su da alama. Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kaya yana iya toshe waɗannan ƙofofi uku da kansa, ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

AIKIN KWAƊO

Kwaɗo ba ya hana ɓarawo sata kwata-kwata. Yana ɓata masa lokaci, yana sa shi yin ƙara. Ɓarawo kuwa ba abin da yake tsoro kamar jinkiri da ƙara.

1. Mota ta kwana cikin gida, ko wurin da ke da haske da maigadi. In ta kwana waje, a matsa ƙofar baya ga bango, yadda ba za ta buɗu ba.

2. Kada kayan aiki su kwana cikin mota. A sauke su kowane dare, a kai ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Gajiyar sauke kaya ba ta kai gajiyar neman kaya ba.

3. A ɗaure sitiyari da sarƙa da kwaɗo mai ƙarfi. A cire kan batir, ko a sa bakanike amintacce ya haɗa makunni na ɓoye wanda ke yanke wuta. Moto kuma a ɗaure ta ga ƙarfe ko icce, ba taya da taya kaɗai ba, don mutum biyu suna iya ɗaga ta.

4. Injin ban-ruwa kada ya kwana cikin garka. A maido shi gida da amalanke. In ya cika nauyi, a kafa shi bisa siminti da ƙusoshi, masu garka su riƙa gadi bi da bi.

5. Ranar kasuwa ita ce ranar haɗari, kamar Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko Lahadi a Jibiya. Direba ba ya barin mabuɗi jikin mota, ko da ruwa zai sha ya dawo. In za shi masallaci, aparanti ya tsaya wurin kaya, in ya dawo shi ma ya tafi.

6. Mabuɗi yana da mai shi. Ba a ba kowa, don ana yanka irinsa cikin ɗan lokaci. In mabuɗi ya ɓace, a sake kwaɗo ranar nan.

7. Ba a ɗaukar aparanti sai an san gidansu, an san wanda ya tsaya masa. Ba a kuma faɗin kuɗin sabon inji a tasha ko wurin mai shayi.

AIKIN ALƘALAMI

Nan ne wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya fi wanda bai shiga ba. Kwaɗo yana tsare kaya. Alƙalami shi ke maido su in sun tafi.

Lambar da ke gaban mota da bayanta ɓarawo yana iya cire ta ya jefar. Fenti ma yana iya sakewa. Amma akwai lambar da anka buga cikin ƙarfen motar tun daga masana'anta. Ita ake kira lambar shasi. Tun daga shekara ta 1981, yawancin motoci lambarsu ta shasi tana da baƙaƙe da alƙaluma 17. Ana samun ta ƙarƙashin gilashin gaba, ko jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko bisa ƙarfen da ke ɗauke da motar. Ga moto, tana wuyanta, ƙarƙashin kai. Inji ma yana da tasa lamba dabam.

Ga abin lura ga mai kwafe: cikin lambar shasi mai 17 babu baƙin I, babu O, babu Q. In an ga mai zagaye, sifili ne. In an ga mai tsaye kamar sanda, 1 ne. A kwafe a hankali, a ƙidaya, a ba wani ya sake dubawa. A gwada ta da wadda ke cikin takardar mallakar motar. Tilas su zama iri ɗaya.

Injin ban-ruwa, janareta da injin walda suna da ɗan faranti jikinsu mai sunan kamfani da lamba. Salula ma tana da lamba mai alƙaluma 15. Tana fitowa in an danna *#06#.

Mai sana'a ya sayi littafi guda, ya ja layi huɗu: sunan kaya, lambarsa, ranar saye, kuɗinsa. Takardar saye ta kowane abu ta shiga cikin littafin. In akwai salula mai hoto, a ɗauki hoton kayan da na lambar. Littafin ya zauna gida cikin akwati. Takardun mota kuma kada su kwana cikin mota, don in an sace ta da takardunta, an sauƙaƙe ma ɓarawo ciniki.

Ƙananan kaya, kamar sifana da guduma da zarto, ba su da lamba. Mai dabba yana yi ma dabbarsa alama. Haka mai sana'a zai sa maƙeri ya buga farkon baƙaƙen sunansa cikin ƙarfen, wuri biyu: ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye.

A ɗauki misalin mutum biyu da anka sace ma injin ban-ruwa dare ɗaya. Bayan wata guda jandarmomi sunka kama inji goma wurin wani mutum. Na farko ya zo ya ce: "Nawa ja ne." To, bakwai daga ciki jajaye ne. Na biyu ya buɗe littafinsa, ya karanta lamba, anka duba, ta yi daidai. Wa zai koma gida da injinsa?

IN SATA TA AUKU

Mai kaya ya sanar da maigari, ya tafi wurin jandarmomi ko ƴan sanda mafi kusa nan take, da littafinsa da takardunsa. Kusa da iyaka, awa ɗaya tana da tsada. Ya karɓi takardar shaidar kai ƙara, ya adana ta. Ya sanar da shugabannin tasha da masu gareji, ya ba su lambar a rubuce.

Lambar tana aiki har ƙetare. Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙungiyar ƴan sandan duniya, Interpol, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa. Ƙungiyar tana da rajistar motocin sata, kuma da lambar shasi ake neman mota cikinta.

Kada mai kaya ya bi sawu shi kaɗai, balle ya ƙetare iyaka ko ya shiga dajin Babban Rafi. Tun shekara ta 2019 jahar Maraɗi ta karɓi dubban ƴan gudun hijira da ɓarayi masu bindiga sunka koro daga jahohin Sakkwato, Zamfara da Katsina. Wanda mai bindiga ya tare, ya bar masa kayan. Ana sake sayen mota, ba a sake sayen rai.

In an kama ɓarawo, a miƙa shi ga hukuma. Wanda ya buge shi har ya mutu, shi ma kotu za ta tambaye shi.

KADA A SAYI KAYAN SATA

Ba don mai saye ba, da ɓarawo ya bar sata. Doka tana hukunta wanda ya sayi kayan sata yana sane, da wanda ya ɓoye su. In an kawo inji da rabin kuɗinsa, babu takarda, ko an kankare lambarsa, a bar shi. In za a sayi na hannu, a rubuta takarda: sunan mai saidawa, sunan mai saye, lambar kaya, kuɗi, kwanan wata, da shaidu biyu.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma in ranar ta zo, mai rubutu ne ke cin moriyarta.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ke taimakon ɓarawo?
2. Don mi takardun mota ba su kwana cikin mota?
3. Waɗanne baƙaƙe uku ne ba su cikin lambar shasi?

LISSAFI

Wani mai garka ya sayi inji jikka 90. Sarƙa da kwaɗo jikka 5, littafi da alƙalami jikka 1. Nawa ya kashe wajen tsaro? In bai tsare ba anka sace injin, ya sayi wani jikka 90, nawa inji biyun sunka ci masa?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya kwafo lambar wani abu na gidansu, ko keke, ko moto, ko rediyo, ko inji, ya kawo ma malami ya duba.