Amfani da Matacin Iskar Mota a Ƙananan Injuna: Darasi Daga Magamar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabarar cire matacin iskar da ƙaramin inji ya zo da shi daga kamfani, a maye gurbinsa da na mota, domin injin ya jure ƙura. An ɗauki Magama ta ƙaramar hukumar Jibiya a matsayin fagen misali saboda yanayinta da kuma dogaron manoman rani na yankin ga injin ban-ruwa. Maƙalar ta bayyana yawan iskar da inji yake zuƙa, da irin ɓarnar da ƙura take yi masa, da matakan aikin. Ta nuna cewa nasarar dabarar ta rataya ne a kan toshe duk wata kafa da ke tsakanin mataci da kafireto, fiye da yadda ta rataya a kan girman matacin.

1.0 Gabatarwa

Magama gari ne da ke kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Issa zuwa Maraɗi. Kusa da ita akwai madatsar ruwan Jibiya da aka gina a kan Kogin Gada, wanda yake tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. A wannan yanki, ƙaramin inji mai silinda ɗaya shi ne bawan kowa: shi yake jan ruwa zuwa fangalin albasa da tumatir da alkama, shi yake juya injin markaɗe, shi ne kuma cikin janareta. Irin wannan injin ne a ƙasashen Turai da Amurka ake ɗora wa na'urar yanke ciyawar farfajiya, kuma kamfanoni irin su Honda da Briggs & Stratton sun yi suna wajen ƙera shi.

Sai dai injin da ke aiki a kan koriyar ciyawa da wanda ke aiki a bakin fadama cikin hunturu ba iska ɗaya suke shaƙa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ta baza ta a ƙasar Hausa. Ga kuma ƙurar manyan motocin da ke zirga-zirga a bakin iyaka. Abin lura shi ne, lokacin hazo shi ne lokacin noman rani, wato lokacin da injin ya fi shan aiki. Idan ya tsaya na 'yan kwanaki ana tsakiyar ban-ruwa, shuka ce za ta biya kuɗin.

2.0 Yawan Iskar da Inji Yake Zuƙa

Mutane da yawa suna ɗauka fetur ne babban abincin inji. A haƙiƙa iska ta fi yawa nesa ba kusa ba. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana cin kusan lita 9,000 ta iska.

A ɗauki injin Honda GX160, wanda shi da kwaikwayonsa suka cika kasuwannin Arewa. Cikin silindarsa yana ɗaukar lita 0.163, yana kuma juyawa sau 3,600 a minti ɗaya. Tun da yake sau ɗaya yake zuƙar iska a kowane juyi biyu, lissafi ya ba da lita 293 a minti, ko da yake a aikace abin yakan gaza haka kaɗan. A aikin awa takwas, iskar da za ta ratsa matacinsa ta doshi lita 140,000. Duk ƙurar da ke cikinta, ko dai mataci ya tare ta, ko ta shige cikin silinda.

3.0 Ɓarnar da Ƙura Take Yi

Kaso mai yawa na ƙurar hamada ɓarɓashin yashi ne, kuma yashi ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya shiga, sai ya gauraya da baƙin mai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa a tsakanin fistin da bangon silinda. A hankali ringi yakan cinye, bawul ya daina zama daidai, matsin cikin silinda ya ragu. Alamomin sanannu ne: inji ya yi wuyar tashi, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai, ruwan da yake turawa ya ragu.

Matacin asali, wanda makanikai suke kira filta, ƙarami ne, na soso ko na takarda ko haɗin biyun. Littafin kamfanin Honda ya ce a tsabtace shi bayan kowace awa 50 ta aiki, a kuma yawaita hakan a wuri mai ƙura. A cikin hazo yakan toshe tun kafin wannan lokaci. Idan ya toshe, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya fara tari. A nan ne wasu sukan yi kuskure mafi muni, su cire matacin gaba ɗaya. Injin zai wartsake nan take, amma kwanansa ya fara ƙarewa.

4.0 Dalilin Komawa ga Matacin Mota

Injin mota mai lita 1.6 da ke juyawa sau 3,000 a minti yana zuƙar kimanin lita 2,400 ta iska, wato ninki takwas na abin da GX160 yake buƙata. Saboda haka matacin mota yana da takarda mai faɗi da aka nannaɗe sau da yawa. Idan aka ɗora shi a kan ƙaramin inji, iska tana ratsa shi a hankali, ƙura tana bazuwa a fili mai yawa, kuma yakan daɗe kafin ya toshe. Ƙari a kan haka, a gari irin Magama da motoci ba sa yankewa, samun kayan mota ya fi sauƙi. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun koya wa mazauna yankin darajar kayan gyaran da ke kusa da hannu.

5.0 Matakan Aiki

Na farko, a nemi mataci tare da gidansa. Takarda tsirara ba ta jure raɓa da fantsamar ruwa, kuma da ta jiƙe ta lalace.

Na biyu, a yanke farantin ƙarfe daidai da bakin kafireto, a huda masa ramukan kusoshin nan biyu, a yi masa waldar gajeren bututu. Faɗin cikin bututun kada ya gaza na bakin kafireto. A goge fuskar farantin ta yi sumul, a sa sabon gasket a tsakani.

Na uku, a haɗa bututun da gidan mataci da tiyon roba mai kauri irin na lagireto, a ɗaure kowane baki da maɗaurin ƙarfe mai noti. Tsumma da robar tayar babur ba su isa ba, domin zafi da girgiza suna sassauta su.

Na huɗu, a ɗaure gidan matacin a jikin firam ɗin inji da ƙarfe nasa na kansa. Idan aka bar nauyinsa a kan kusoshin kafireto, girgiza za ta karya su ko ta buɗe kafa a wurin gasket. A ɗaga bakin shigar iska sama da ƙasa gwargwadon iko, a kuma kawar da shi daga salansa.

Na biyar, kada a manta da ƙaramin tiyon numfashi da ke fitowa daga murfin bawul. A asali yana shiga gidan mataci ne. Dole a yi masa mazauni a sabon bututun, a ɓangaren iska mai tsabta. Barinsa a buɗe ƙofa ce ta ƙura kai tsaye zuwa baƙin mai.

6.0 Gwaji da Daidaitawa

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Iska takan bi hanya mafi sauƙi, don haka ƙaramar kafa a bayan mataci ta isa ta ɓata dukan aikin. Gwajin ba shi da wuya: a tayar da inji, a rage masa wuta, a toshe bakin shigar iska da faffaɗan katako. Idan ya mutu nan da nan, haɗin ya yi. Idan ya ci gaba da aiki, yana samun iska ta wani wuri. Bayan kwana biyu ana aiki, a cire tiyo a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Duk ƙurar da aka gani shaida ce.

Akwai kuma batun ma'aunin fetur da iska. An daidaita kafireto ne da matacin asali. Sabon mataci yana iya barin iska ta wuce da sauƙi har fetur ya yi ƙaranci. Alamarsa ita ce injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ya yi zafi fiye da kima, ko ya ƙi daidaituwa sai an ja cok. Fulogi shi ne alƙali: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat ƙarancin fetur, baƙi mai toka yawansa. Idan fetur ya gaza, makanike ya sa jet mai ɗan faɗi, amma kada a taɓa gwamnan inji da nufin ƙara gudu.

Wajen kulawa, matacin takarda ba a wanke shi, ba a shafa masa mai. Ana kakkaɓe shi a hankali, idan ya huje a sauya. Ana iya lulluɓe shi da siririn soso mai ɗan mai domin ya tare manyan ɓarɓashi, a riƙa wanke soson a kai a kai. Mai sabon inji kuma ya sani cewa irin wannan sauyi yana iya soke garantin kamfani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗora matacin mota a kan ƙaramin inji dabara ce mai tushe a lissafi, wadda ta dace da ƙurar yanki irin Magama. Sharuɗɗanta huɗu ne: haɗi marar kafa, matokari mai ƙarfi, mayar da tiyon numfashi, da duba fulogi bayan aiki. Matacin asali da aka ɗaure da kyau ya fi na mota da aka haɗa da sakaci. Ana ba da shawara ga kwalejojin fasaha da malaman gona su sanya wannan darasi cikin horon da suke ba makanikai da manoman rani, musamman kafin shigowar hunturu.