Ba kowace sagewar hannu ce sanyi ba

Ɗana, mahaifiyarka ta ce da ka ɗaga hannu kana shafen silin sai ƙaramin yatsanka da na kusa da shi su sage, har abin da ka riƙe ya suɓuce. Ka sha maganin sanyi, wanzami ya yi maka ƙaho, abin yana nan. To, ka ba ni aron kunnenka.

Tsakanin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko akwai wani ɗan lungu matsattse. Ta nan jijiyoyin ji da motsi suke gangarowa hannu, da manyan jijiyoyin jini a gefensu. Idan naman wuya ya ɗaure, ko kafaɗa ta zube gaba saboda ɗaukar kaya, ko mutum ya taɓa fizgar wuya a haɗarin mota, sai lungun ya ƙara tsukewa. Wani kuma haihuwarsa aka yi da ƙarin haƙarƙari a wuya, kusan mutum 1 cikin 100, kodayake yawancinsu har su tsufa bai dame su ba. A 1956 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka tattara waɗannan matsaloli ƙarƙashin suna guda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, jijiyar ji ce ke matsewa, ba ta jini ba.

Gano shi sai an yi haƙuri, don yana da masu kama da shi. Matsalar ƙashin wuya takan kawo irin wannan sagewa, haka ma jijiyar da ta matse a gwiwar hannu. Likita zai iya sa ka ɗaga hannaye biyu, gwiwoyi daidai kafaɗa, kana dunƙulewa kana buɗewa har minti 3. Mai ciwon yakan sauke hannu tun kafin lokaci ya cika. Amma wannan kaɗai ba ya yanke hukunci, shi ya sa ake haɗawa da hoton ƙashi da awon jijiya. Kada ka ga an maimaita gwaji ka ce kuɗinka ake nema.

Maganin farko gashi ne a asibiti, wurin waɗanda suka karanci aikin: miƙa naman wuya da na ƙirji, ƙarfafa na bayan kafaɗa, gyara tsayuwa da kwanciya. Yana ɗaukar watanni, kuma a nan matasa ke karaya. Kai dai ka hau abin da zai kai ka kusa da silin, ka riƙa sauke hannu kana hutawa, ka bar saɓa buhun siminti a wannan kafaɗar. Tiyata, wadda ake cire haƙarƙarin farko ko a yanke naman da ya danne jijiyar, sai gashi ya gaza ake maganarta, ko in tsokar gindin babban yatsa ta fara ramewa.

Abu ɗaya ne ba na so ka yi wa jinkiri. Ranar da hannun ya kumbura ya sauya launi, ko ya yi sanyi ƙalau kamar ba jini, jijiyar jini ce ta toshe, ba a kwana da shi a gida.

Allah ya ba ka lafiya. Ka nemi hutun yini guda wurin maigidanka, ka je a duba ka cikin makon nan.